Halilu Ba Shi Barin Filashin

Duk yaron da na sake kamawa ya yi wa Halilu filashin don ya ga tashin hankalinai, wallahi sai na ci mutuncinai gaban ubanai. Na faɗa a tasha, na faɗa a ƙofar masallaci, yanzu ga shi ina rubutawa. Abin dariya ne gare ku, ku ga dattijo ya zabura, shina lalubar waya cikin aljihu. Ba ku san mi kuke taɓawa ba. Mutumen ga ɗiyatai na daji hannun 'yan bindiga, kuma duk ƙarar da wayar ga ta yi, ita yake ji. Tau ku zauna in gaya muku yadda anka yi.

Ni ne Sama'ila tela. Keken ɗinkina na jingine da bangon shagon Halilu, nan bakin tashar Wurno, tun muna samari. Taubashina ne kuma, uwatai ƙanwar babana ce, don haka ina da izinin zaginai safe da marece, shi ma bai taɓa raga man ba. Ni ke ce mai Sarkin Tarkace, shi ke ce man Mai Ɓata Yadi.

Da gyaran rediyo ya fara. Da rediyo ta ja baya ya koma kaset, da kaset ta mutu ya koma waya, babu wanda ya koya mai, buɗewa kawai yake ya yi ta kallo har abin ya ji kunya ya gyaru. Daga baya ya sa sola bisa rufi, ya jera soket cikin wani tsohon kabad, mutanen ƙauye na kawo caji ranar kasuwa. Bai yi arziki ba. Amma daga Wurno har ƙauyukan Rabah, in mutum zai sayi waya, sai ya biyo ya ji mi Halilu zai ce. Shi ko Halilu, Allah ya yi shi da faɗin ra'ayi, ko ba ka tambaya ba sai ka ji.

Babbar waya mai shafawa, madubi yake ce mata. "Wagga ta masu zaman ofis ce," in ji shi. "Ka kai ta gona, zufa ta taɓa ta, ta kira surukarka ba ka sani ba." Data ko cewa yake kamar gishiri ce cikin ruwa, kana zubawa ba ka ganin inda ta shiga. Aika kuɗi ta waya bai yarda da shi ba har gobe, wai abin da ba ka iya naɗewa ka sa a lalita ba naka ne ba. Duk da haka shi ne farkon wanda ya sa wayfai a layinmu, wata 'yar farar na'ura da ya rataye jikin ƙusa. Samari sunka maida bencina wurin zama, kowa ya duƙar da kai, ba sallama ba gaisuwa. In sunka ishe shi sai ya canja lambar sirri, ya zauna shina kallon yadda suke juye-juye, shina dariya ƙasa-ƙasa.

Wayar da yake so ita ce 'yar ƙaramar nan mai tocila da ake kira raka-ni-kashi, kuma sharaɗi guda gare ta, ta yi ƙara. "Wayar da ba ta da murya ba waya ce ba. Manomi na tsakiyar gero, iska na kaɗawa, jaki na kuka, mi zai ji?" Duk wadda ta shigo hannunai sai ya ƙure mata murya kafin ya maida wa mai ita. Ban taɓa ganin ya nuna wa wani yadda ake rage ta ba.

Akwai Alhaji Lawwali mai hatsi, da ke zama wurinmu bayan azahar. Shi a ganinai waya ce ta kawo muna duk masifar ga. "Da can ɓarawo sai ya zo da ƙafatai ya leƙa. Yanzu maƙwabcinka na gaishe ka da hannun dama, na hagu na cikin aljihu shina gaya musu shanunka nawa." Halilu ya ce wuƙa ma ana yanka rago da ita, ana yanka mutum, bai ga an daina ƙira ba. Alhaji ya ce ai wuƙa ba ta da baki. Haka suke yi kullum har a kira la'asar, babu mai ja da baya.

Sai maganar filashin. Ga wanda bai sani ba, mutum ne ba shi da kati, sai ya kira ka, waya ta yi ƙara sau ɗaya ya katse, ma'ana kai ka kira shi. Mafi yawanmu tsaki muke mu maida waya aljihu. Ban da Halilu. Ko lambar da bai sani ba, ko shina cin tuwo, sai ya wanke hannu ya kira. Na ce mai, "Kai Sarkin Tarkace, gwamnati ce kai?" Ya ce, "Mai Ɓata Yadi, wanda ya yi maka filashin, sallama ya yi a ƙofar gidanka ba shi da takalmi. Ba a barin shi tsaye." An sha cutatai da wanga hali. Wani ya yi mai filashin don kawai ya tambayi ko an ga wata. Bai daina ba.

Ni na san inda halin ga ya samo ƙarfi, don ni na san gidan. Ɗiyatai ta fari Ummukulthum, sunan uwatai ta ci, Gwaggona ke nan, ita ce ma ta raine ta har Allah ya karɓi abinai. Don haka bai faɗin sunanta, Inna yake ce mata, a gaban mutane ko sai ya ce yarinyar ga. Kun san kunyar ɗan fari a wurinmu. Bai taɓa ɗaukarta ba tana jinjira, bai taɓa yabonta a gaban kowa ba, in ta shigo shago da abinci sai ya duƙufa bisa wayar wani kamar bai gan ta ba. Alhali duk Wurno babu abin da yake so kamarta. Ni da ke gefe ina ganin yadda yake bin bayanta da ido har ta sha kwana.

Da ta tashi aure, Mansur ta ce tana so, wani yaro manomi mai hankali, ɗan wata tunga can gaba da Shinaka. Matar Halilu, Aziza, ta yi kuka ta ce wurin ba lafiya, an fara shiga ƙauyukan gefe. Halilu ma hankalinai bai kwanta ba, amma yarinya na so, yaro ba shi da aibi, mi zai ce? Anka ɗaura, anka kai ta. Cikin kayan ɗakinta ya tura wata raka-ni-kashi sabuwa, ya naɗe bayanta da salatif don kar batir ya faɗi in ta suɓuce, ya sa mata kukan zakara. Kai, wannan zakara! Da ya gwada shi a shago sai da kajin mai shayi sunka amsa. Na yi dariya har na soke yatsa da allura.

Tau ga inda filashin ya yi mai rana. Uba ba shi ɗaukar waya haka kawai ya kira ɗiyar fari ya ce ya kike, mutane su ji su ce ba shi da kunya. Amma in ita ta yi filashin, ai dole ya kira, kowa ya san Halilu ba shi barin filashin. Ita ma ta gane. Ko tana da kati ba ta kira, filashin take yi. Sai ka ga ya ɗaure fuska ya ce, "Yarinyar ga kullum ba ta da kati," ya zagaya bayan shago. Ya daɗe can. In ya dawo sai ya yi ta fito da baki shina gyara, har da rage wa mutane kuɗin caji.

Matsalar ita ce tungar babu sabis. Sai an hau wani tudu nesa da gida, gindin wata tsamiya, kana waya ta kama. Mace kuma ba kullum take samun fita ba. Labarin hare-hare na ta ƙaruwa, yau an shiga nan, gobe an tare hanya can. Halilu ya daina fiton nan nashi. Rannan ya rufe shago ya tafi birni, ya dawo da wani akwati da ake kira busta, mai jawo sabis daga nesa, da eriya, da ɗan faifan sola, da batir. Ya ce in raka shi. Munka hau motar Goronyo, daga can munka hau babura da kayan bisa cinya.

Gora biyu ya haɗa ya ɗaure da waya, ya kafa jikin rumbun Mansur, eriya can sama ta fi duk wani icce na tungar tsawo. Ya yi ta juya ta, Mansur na ƙasa riƙe da waya shina cewa saura kaɗan, har sandunan sabis sunka cika. Mata sunka yi guɗa ta bayan zana. Wani tsoho ya ja ni gefe ya ce shi abin bai kwanta mai ba, gorar ga daga nesa ake hango ta. Na gaya wa Halilu. Ya ce gara a hango gora da a shigo wa mutane ba su da bakin kiran kowa.

Kafin mu taso ya sa Mansur ya shiga gonar da ke bayan gida da wayar Inna, ya yi nisa, shi kuma ya kira daga tsakar gida. Munka ji zakara ya yi cara can tsakiyar gona, tar. Halilu ya dube ni, fuska cike da alfahari. "Ka ji ko? Har cikin gona." Sannan ya tsaya bakin ƙofar ɗakinta, bai shiga ba, bai dube ta ba, ya ce wa labule, "Inna, ko mi kika ji, ko motsin da ba ki gane ba ne, ki yi man filashin kawai. Ni zan kira." Daga ciki ta ce, "Tau, Baba."

Shekara ta zagayo, damina ta yi kyau, gero ya fi mutum tsawo. Aziza ta shaida wa matata cewa Inna na da ƙaramin ciki. Halilu ya yi kamar bai ji ba, amma na gan shi shina tambayar mai katako kuɗin ɗan gado.

Ranar wata Talata munka shiga la'asar tare. Masallaci ne kaɗai wurin da Halilu ke kashe muryar wayatai. Liman ya ja salla, anka yi addu'ar zaman lafiya mai tsawo kamar yadda ake yi lokacin. Da munka fito shina sa takalmi ya duba waya, ya ga filashin ɗinta, tun muna raka'ar farko ya shigo. Ya ɗaure fuskar nan tashi ta ƙarya. "Yarinyar ga dai." Ya kira nan take. Ta shiga, anka katse. Ya ce sabis ne, halan iska ta juya eriya. Ya sake kira, anka sake katsewa. Ya yi tsaki ya sake. Ina tsaye kusa da shi, don haka na ji da kunnena lokacin da anka ɗauka. Murya ce ta namiji, tana haki, tana dariya. Ta ce, "Mun gode, Alhaji." Anka kashe.

Ban taɓa ganin fuskar mutum ta zube haka ba. Ya ce, "Wa ke nan? Sama'ila, wa ke nan?" Ya kira sunana na gaskiya, abin da bai yi ba tun muna yara.

Washegari munka iske mutanen tungar a Goronyo, an tara su cikin wata makarantar firamare. An kashe mutum biyu, an kore shanu, an tafi da mata. Mansur ya tsira don ya je fadama, shina zaune jikin bango. Wadda ta ba mu labari Zuwaira ce, matar wan Mansur. Ba da mugunta ta faɗa ba, ita ma ba ta cikin hayyacinta, abin ne kawai ke fitowa daga bakinta.

Ta ce suna jin babura Inna ta danna wayarta, sannan sunka tsallake zana sunka faɗa cikin gero. Sunka kwanta rub da ciki, ita nan, Inna can gaba kaɗan da wasu mata biyu. 'Yan bindigar sunka gama abin da za su yi cikin gida, sunka cire sola da batir, sunka karya gora. Amma duk da haka kiran Halilu ya shiga, halan ɗan sabis ɗin tudu ne ya biyo iska, Allah kaɗai ya sani. "Wallahi, Baba, sun riga sun wuce mu," in ji Zuwaira. "Har sun tada babura. Sai zakara ya yi cara." Ta ce ta hango Inna ta danne wayar da ciki tana katsewa. Zakara ya sake. Ta ga tana yaƙushin bayan wayar da farce tana son cire batir, salatif ya hana. Zakara ya sake. Sai babura sunka mutu, anka ji takun ƙafa cikin gero.

Halilu bai yi kuka ba. Ya ce, "Na ji." Ya tashi ya fita, na bi shi, na iske shi bayan aji shina amai.

'Yan bindigar sun kira sau ɗaya da lambarta, sunka faɗi abin da suke so. Dangin Mansur da Halilu sunka sayar da abin da ke sayuwa, har solar shago da kabad ɗin caji, anka kai inda sunka ce. Anka sako mata biyun nan, ba a sako Inna ba, wai sai an ƙaro. Ana cikin haka gwamnati ta rufe sabis a duk yankinmu don a toshe wa 'yan bindiga hanyar magana. Alhaji Lawwali ya ce da ma tun farko haka ya kamata. Ya faɗa sau ɗaya, ya dubi Halilu, bai sake ba. Wayoyi sunka zama tocila. Halilu kullum sai ya hau mota ya wuce Achida ya doshi birni, inda sabis ke fara kamawa, ya sauka bakin titi ya tsaya riƙe da waya har rana ta yi sanyi. Lambarta a kashe. Ina jin haushin duniya in na tuna tsayuwar nan tashi.

Da anka maido sabis, wani Halilu ne ya dawo shago. Duk wayar da anka kawo gyara, sai ya kashe mata murya gaba ɗaya kafin ya bayar. Mutane sunka yi ta dawowa da faɗa, wai an yi ta kiransu ba su ji ba. Ya ce, "Gara kar ka ji." Ya ɗauki reza ya bi wayoyin gidanai ya yanke duk salatif. In mace ta kawo gyara sai ya tsare ta ya koya mata cire batir da hannu ɗaya, ya sa ta maimaita har ta gaji. Ciniki ya watse. Kuma ya rantse, a gabana, ba shi sake maida filashin har ya mutu. "Wanda ya yi filashin, ka san inda yake kwance? Ka san wa ke tsaye bisa kainai?" Na ce ba kowa ne ke cikin gero ba. Ya ce shi ma da haka ya zata.

Bayan an gama girbi, wata rana gab da azahar, ina ɗinkin wata riga shi kuma shina zaune bakin shago, wayar na bisa gwiwatai. Ba ta ƙara yanzu, haske kawai take. Na ga ta yi haske ta mutu. Lamba ce da ba mu sani ba. Ya ƙura mata ido.

Na ce, "Kira mana."

Ya girgiza kai.

"Halilu, kira. Halan mai neman gyara ne."

"In ita ce fa?"

"Tau ai shi ya sa za ka kira!"

"In ita ce, gudowa ta yi. In gudowa ta yi, tana ɓoye. Suna bin sawunta." Ya dube ni. "In sake tona ta, Sama'ila? Ni? Sau biyu?"

Na ce ya tura saƙo. Ya ce saƙo ma ƙara yake. Na jawo tawa wayar na ce ba ni lambar ni in kira, in wani abu ya faru a ce ni ne. Ya riƙe man wuyan hannu, riƙon da sai da ya bar shaida. Ya ce in ita ce, kuma tana inda za ta iya magana, za ta sami mai kati ta kira sosai. Muna cikin haka waya ta sake haske ta mutu, lambar nan dai. Wallahi na ga hawaye na zuba bisa gilashin, babban yatsanai na bisa maɓallin kira, bai danna ba. Anka kira azahar bai tashi ba. Ban taɓa ganin ya bar jam'i ba sai rannan. Ya zauna gadin wayar, shina jiran ta yi kira na gaske, ni kuma na kasa ɗinki, na kasa zaginai, na kasa komi.

Sai da anka sallame la'asar ya ce, "Yanzu ko mi ne ne ya wuce." Ya danna. Ya sa muryar a bayyane, yadda ni ma nake ji.

Wani tsoho ne ya ɗauka. Ya ce sunanai Ibrahimu, manomi ne, daga wani ƙauye can bayan Maikujera. Da ya ji an ce daga Wurno ne sai ya yi salati. Ya ce, "Kai ne baban yarinyar? Bawan Allah, ina ka shiga?"

Ya ce ya je ɗaurin kara a gonatai ta bakin daji, sai ga mace ta fito daga cikin sabara, ciki ya tsufa, ƙafafu sun kumbura sun fashe, ba mayafi. Ta ce kwana ta yi tana tafiya. Ya ba ta ruwa da sauran fura. Ta ga waya a aljihunai ta roƙe shi. Ya ce ba kati, sai dai filashin, kuma nan kwari ba sabis, sai an hau tudu. Ta ce filashin ya isa. Ya taimaka mata sunka hau tudun, fili ne fetal, an girbe komi, ba inda mutum zai raɓa. Ta faɗi lambar da ka, ya danna mata.

"Na ce mata, ɗiyata, mu sauka, in aza ki bisa jaki mu shiga gari, wurin ga ana hango mu daga ko'ina. Ta ce a'a Baba, in munka sauka ba zai same ni ba, yanzun ga zai kira, ya zo da mota. Ta ce babana ko mahaukaci ya yi mai filashin sai ya kira." Tsohon ya tsaya ya ja numfashi. "Munka jira. Na ce mu tafi. Ta ce a ƙara ɗaya. Munka ƙara. Ta zauna ta riƙe wayar da hannu biyu tana kallo. Rana ta take, na yi magiya har na gaji. Sai munka ji babura."

Ya ce shi ya gangara ya faɗa cikin wani rami, tsufa bai hana shi ba, tsoro ya ɗauke shi. Ita ko ba ta iya gudu. Da ta ga haka sai ta wurgo mai wayar cikin ramin, don kar su tafi da ita.

Ni na tambaya, na ce, "Baba, sun taɓa ta?"

"Sun aza ta bisa babur sun koma da ita. Da ranta dai." Sannan ya ce, "Ta bar saƙo, lokacin da take wurgo wayar. Ta ce in ka kira in gaya maka tana nan da rai. Ta ce kar in ga laifinka, halan kana masallaci."

Mun je da Mansur washegari, tsohon ya kai mu tudun. Akwai sabis sosai a wurin, sanduna cike. Halilu ya tsaya ya daɗe shina kallon dajin, sannan ya ciro wayatai ya maida mata murya har ƙarshe.

Tun rannan ba a sake jin labarinta ba. Shi ko kafin filashin ya gama mutuwa ya riga ya kira, kuma kalmar farko da yake faɗa wa ko wane ne ita ce, "Inna?"